Hitar Mota da Tiyon Ruwa: Yoyon da Ba a Gani a Ƙasa

(Kiɗan buɗe shiri)

Direbobin da ke kan hanya, Allah ya sauke ku lafiya. 'Yan gareji da suka ajiye rediyo a gefe suna aiki, sannunku da ƙoƙari. Yau kan ruwan inji za mu tattauna, musamman wani ɓangare na mota da yawancinmu ba mu taɓa sa shi a ido ba, wato hita, da tiyon roba da ke kai mata ruwa.

Na san wani zai ce, me ya haɗa mu da hita, mu da zafin bazara ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai? Tambayar tana kan hanya. Sai dai motocin da muke hawa, Corolla ce, ko Accord, ko Golf, ko Sharon ɗin haya, mafi yawansu daga ƙasashen sanyi aka kwaso su, kuma kowacce da hitarta ta zo. Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, a galibin motocin zamani, ko ka kunna hita ko ba ka kunna ba, muddin inji na aiki, ruwan zafi na ratsawa ta cikinta. Maɓallin da kake murɗawa iska kawai yake juya wa hanya. Ke nan hitar da ka shekara goma ba ka taɓa ba, tana nan tana shan zafi da matsi tare da sauran inji, kuma ranar da ta huje, ruwan da injinka ya dogara da shi ne zai tsiyaye.

Ga yadda abin yake. Man da inji ke ƙonawa, kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa ruwa ne ke kwashe shi. Famfon ruwa na tura ruwan ya zagaya jikin inji, ya fito ya shiga lagireto a gaban mota, iska da fanka su huce shi, ya dawo. Inji mai lafiya yana aiki ne a wajen digiri 90 zuwa 100 da 'yan kai. To daga jikin injin akwai tiyo biyu sirara, faɗin bakinsu kan kasance milimita 16 ko 19, da suka nufi bangon ƙarfen nan da ya raba inji da cikin mota. In ka buɗe bonet ka leƙa can baya za ka gan su kusa da juna. A bayan bangon, can cikin dashbod, akwai wani ɗan ƙaramin lagireto, tsawonsa bai fi santimita 20 da wani abu ba. Ɗaya tiyon ya kai masa ruwa, ɗayan ya mayar. Shi ne zuciyar hita, kuma shi za mu riƙa kira lagireton hita.

Babban lagireto in ya huje, ƙasa za ta gaya maka, don za ka tarar da jiƙa inda motar ta kwana. Na hita kuwa cikin mota yake zubarwa, shi ya sa yake wahalar da mutane. Mutum zai je gareji ya ce, "Oga, motar nan tana shan ruwa, kullum sai na ƙara, amma ba ta ɗiga." A duba gaba, a duba ƙasa, ba a ga komai ba, a ce masa, "Alhaji, je ka ci gaba da lura da ita." Alhali da an buɗe ƙofar gefen mai zaman banza, an ɗaga tabarmar roba, an danna kafet da tafin hannu, da an ji shi sharkaf. Ka murza jiƙar tsakanin yatsu biyu. In ka ji santsi-santsi, da ɗan danƙo, ga wani ƙanshi mai zaƙi-zaƙi, to ruwan inji ne. Ruwan esi, wanda kan dawo ciki in hanyar fitarsa ta toshe, garau yake, ba santsi ba ƙanshi. Haka ma ruwan sama da ya kutso da damina. Wata alamar kuma, gilashin gaba ya riƙa yin hazo daga ciki, hazo mai maiƙo, ka goge da tsumma ya daɗa dusashewa. In kuwa zallan ruwa ake zuba wa motar, ba za ka ji zaƙin ba, sai dai ka ga jiƙar ta yi jan tsatsa.

Akwai hanya ta uku da ruwa kan ɓace, ita ce ta gasket ɗin kan inji. Wannan farin hayaƙi za ka gani a salansa ko bayan mota ta ɗau zafi, ko ka zaro ma'aunin baƙin mai ka ga ya koma launin shayi da madara. Wannan wani karatun ne. Na ambace shi ne don kada a yi ta kwance dashbod alhali ciwon na can wani wuri. Makaniken da ke da famfon gwaji, wanda ake ɗaurawa a bakin lagireto a hura iska a ga ko allurarsa za ta sauka, cikin 'yan mintoci zai raba gardama. Ina ma kowane gareji na da shi.

Kafin mu taɓa komai, ga roƙona, kuma da gaske nake. Kada ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Duba saman murfin, za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan adadin matsin da yake riƙewa ne, kuma matsin ne ke hana ruwa tafasa ko ya haura digiri 110. Kana kwance murfin, matsin ya tafi, ruwan nan ya tafasa nan take ya yi tsiri, fuska da ƙirji da hannu yake nema. Yara 'yan koyo su suka fi faɗawa wannan, don su ake turawa. Oga, amanar yaran nan na wuyanka. A bar mota ta huce har ka iya riƙe babban tiyon sama da hannu ka matsa shi ka ji ya saki. In tsautsayi ya gitta aka ƙone, a kwarara ruwa mai sanyi a wurin na tsawon minti 20, a nufi asibiti. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai.

To mu fara da tiyo, don shi ya fi yawan kawo matsala, shi ne kuma mai sauƙin gyara. Da safe kafin a tayar da mota, bi kowane tiyo da hannu, ka matsa shi, musamman kusa da bakinsa inda kilif ya kama. Mai lafiya za ka ji shi da ƙwari, yana dawowa da ka saki. Wanda ya tsufa ko dai ya ƙandare yana ƙas-ƙas, ko ya yi laushi tuɓus, ko ya kumbura a wuri guda. Robar nan daga ciki take fara lalacewa, don haka kyan bayanta kada ya ruɗe ka. Dubi bakin haɗin kuma. In ka ga wani busasshen gari fari, ko kore, ko ruwan hoda ya taru a gefen kilif, to wurin na tsatsafo, zafin inji ne ke busar da shi kafin ya kai ƙasa. Tiyon da baƙin mai ke ɗiga a kansa kuwa kwanansa ya kusa ƙarewa, don mai na kumbura irin wannan robar. Sai a gyara yoyon man tare, in ba haka ba sabon ma haka zai bi.

Wajen cirewa ake yin ɓarnar da ta fi ba ni takaici. Tiyo ya shekara da shekaru a manne, sai a kama shi da filaya a fizga. Bakin da tiyon hita ke shiga, siririn alminiyon ne ko roba mai ƙarfi, kuma kai tsaye yake haɗe da lagireton da ke cikin dashbod. Fizga ɗaya ta isa ta tsaga shi daga ciki. An zo canza tiyon da bai taka kara ya karya ba, an koma gida da aikin yini guda. Abin yi shi ne, a rage ruwan a cikin mazubi, a matsar da kilif baya, a murɗa tiyon a hankali hagu da dama har ya saki. In ya ƙi, tunda dama jefar da shi za a yi, a sa reza a tsaga shi a tsaye, a ɓare shi, ba tare da rezar ta karci bakin ba. A goge bakin tas. A tura sabon har ƙarshe, kilif ya zauna a bayan ɗan tudun da ke bakin, kada ya hau kansa.

Kilif ɗin asali, mai kama da zobe, wanda ake matsewa da filaya, mutane na raina shi su jefar. Ni a ganina in bai yi tsatsa ba ya fi na sukurni, don yana bin robar, ta kumbura da zafi ko ta tsuke da sanyi yana riƙe da ita. Na sukurni in an ɗaure shi da ƙarfin tsiya yakan yanka tiyo, ko ya fasa wuyan lagireto mai roba. Tiyon kuma a nemi na ruwan inji, mai lanƙwasa irin ta wanda aka cire. Ka tafi da tsohon a hannu, Ƙofar Ruwa za ka a Kano ko Panteka a Kaduna, a gwada su gefe da gefe. Tiyon ban ruwan lambu ba zai jure wannan zafin ba, miƙaƙƙe kuma in an tanƙwara shi da ƙarfi sai ya karye ya toshe hanya.

In a daji abin ya same ka fa? In kusa da baki ya fashe kuma akwai rara, jira inji ya huce, yanke wurin, ka mayar. In tsakiya ne, naɗe shi da robar tsohon tub ka ɗaure tamau, ka cika ruwa, ka tafi a hankali idonka na kan allurar zafi. Wannan ya kai ka gari ne kawai. Kada ka mayar da shi gyara.

(Ɗan kiɗa)

Masu sauraro, har yanzu muna kan batun ruwan inji, yanzu kuma mun iso kan lagireton hita kansa.

In ya tabbata shi ne ya huje, a garejinmu abu na farko da za a ce shi ne, "A kashe hitar kawai." Ma'ana a zare tiyon nan biyu daga bango a haɗa su da juna, ruwa ya zagaye ya koma inji. Ba zan ce haramun ba ne. Mai motar haya da ke neman na cefane, ba kuɗin kwance dashbod a hannu, wannan ya fi masa barin inji ya ƙone. Amma a yi shi da kyau. A haɗa su da ɗan bututun ƙarfe daidai bakinsu da kilif biyu, ko da tiyo mai lanƙwasa, ruwa ya ci gaba da gudana. Toshe kowanne da noti ko guntun itace kuskure ne, don a wasu injinan ta wannan hanyar ruwa ke zagayawa kafin tamostat, mai tsare hanyar ruwa zuwa babban lagireto, ya buɗe.

Sai dai ka san abin da ka rasa. Da damina, ruwa na zuba cikin dare, gilashi ya yi hazo, iskar esi haɗe da ɗumin hita ita ce ke share shi da sauri. Wanda ya taɓa tuƙi yana goge gilashi da hula ga fitilun tirela na tahowa ya san ba ƙaramin abu ba ne. Mai sammako da hunturu a Jos ko Gembu ba sai an yi masa bayani ba. Sannan ranar da allurar zafi ta fara hawa kana cikin cunkoso, in ka kashe esi, ka sauke gilasai, ka ƙure hita da fankarta, tana ɗebe wa inji wani zafin, ta ba ka damar kaiwa inda za ka tsaya lafiya. Don haka in da hali, a canza.

Abin da ba na goyon baya ko kaɗan shi ne zuba wani abu a lagireto don ya toshe huji, ƙwai ne, ko garin barkono, ko ma maganin kanti da aka zuba ba bisa ƙa'ida ba. Hanyoyin ruwa a lagireton hita sun fi na ko'ina ƙanƙanta, su za su fara toshewa.

Canza shi aiki ne na haƙuri. Shi kansa kayan bai kai kuɗin aikin ba, don a motoci da yawa sai an sauke sitiyari an cire dashbod gaba ɗaya kafin a kai ga akwatin da yake ciki. Wasu motocin an yi musu ƙofa ta gefe, a zaro shi cikin awa ɗaya ko biyu, wasu kuwa yini ne cur. Mai mota, kada ka tsaya a kan makanike kana duba agogo. Makanike, in ba ka taɓa kwance irin wannan motar ba, ka nemi wanda ya taɓa, ku yi tare da riwaya. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

A fara cire kan batir, a jira mintoci kafin a taɓa wayoyi masu launin rawaya, don na jakar iska ne, kuma in ta fashe a fuskar mutum ba wasa ba ce. Kowa yanzu da waya a aljihu, to a ɗauki hoton kowane mataki kafin a zare soket. Sukurni na kowane ɓangare a zuba su a gwangwani daban. In sai an sauke akwatin gaba ɗaya, to sai mai esi ya zo ya janye iskar gas tukuna. A toshe bakin tsohon lagireton da tsumma kafin a zaro shi, kada sauran ruwan ya malale kan wayoyi. Wanda za a saka, musamman in na hannu ne daga kasuwa, a gwada shi tun yana waje: a toshe baki ɗaya, a nutsa shi a bokitin ruwa, a hura iska kaɗan ta ɗayan. In kumfa ya taso, a mayar wa mai shi. Zoben roba na bakin haɗi a sa sababbi. Soson da ke zagaye da shi a mayar, shi ke hana shi kaɗawa da gogar jikin akwati a kan hanyoyinmu masu gargada. Kuma kafin a mayar da dashbod, a haɗa ruwa a gwada. Kafet ɗin nan kuma a ɗaga shi, don soson da ke ƙarƙashinsa na riƙe ruwa makonni, ƙasan mota ya yi tsatsa, wayoyin da suka bi ta nan su lalace. A wanke, a shanya a rana.

In hita ba ta yoyo amma ba ta ɗumi, taɓa tiyon biyu bayan inji ya ɗau zafi. Ɗaya zau ɗaya sanyi, to toshewa ce. Sau da yawa tura ruwa a hankali ta bakin fita ya fito ta na shiga yana wanke ta.

Yanzu me ya huda lagireton hita tun farko? Galibi abin da muke zubawa ne. Ruwan rijiya da na burtsatse na ɗauke da gishiri-gishiri da ke daskarewa a hanyoyin ruwa, zallan ruwa kuma na cin ƙarfe da alminiyon. Mutane na cewa ruwan kanti mai launi na ƙasar ƙanƙara ne. Gaskiya ne an yi shi don kada ya daskare, haɗin rabi da rabi na jure sanyi har wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Amma a cikinsa akwai maganin tsatsa, wanda shi muka fi buƙata, kuma yana ɗaga matakin tafasa zuwa wajen digiri 107 tun kafin murfi ya ƙara nasa. A Jos, saboda tudu, zallan ruwa a buɗe tun wajen digiri 96 yake tafasa. Karanta jikin galan ka ga ko haɗaɗɗe ne ko sai an sirka. In sirkawa ne, da tataccen ruwa za a yi, kuma a tabbatar ba mai asid na batir aka miƙo ba. Na Toyota kan zo ja ko ruwan hoda, na Honda shuɗi, tsohon samfuri kore. Launi kaɗai ba hujja ba ne, a bi abin da littafin motar ya ce, kada a gauraya iri biyu. Koren nan bayan kamar shekara biyu ƙarfinsa ya ƙare, masu dogon zango kan kai wajen biyar.

Iyaye mata, wannan gaɓar har da ku. Ruwan nan guba ne, ga shi da zaƙi, ga launi irin na lemon kwalba. Kaɗan ya isa ya kashe ƙodar yaro. Kada a zuba shi a gorar lemo ko ta ruwan sha, kada a bar shi a buɗe inda yara, ko akuya, ko kaji, ko kyanwa za su kai baki. Wanda ya sha zai fara da layi kamar mai maye, daga baya ya yi kamar ya warware, alhali ƙoda na can tana lalacewa. A garzaya asibiti nan take, a tafi da galan ɗin likita ya gani.

Saura fitar da iska, wanda in an tsallake shi duk wahalar ta tashi a banza, don iskar da ta maƙale kan sa inji ya ɗau zafi ko ruwa ya nuna a cike. A tsayar da mota gabanta ya ɗan ɗaga sama. Inji a sanyaye, a cika a hankali, a murɗa hita zuwa ƙarshen zafi. Motocin da ke da ɗan noti na fitar da iska, irin su Peugeot 406, a sassauta shi har ruwa ya fito ba kumfa, a ɗaure. A tayar, a bar ta tana aiki, ana ƙarawa in ya sauka, har tiyon sama ya yi zafi, alamar tamostat ya buɗe, a rufe murfi, a jira fanka ta tashi ta tsaya da kanta. Tamostat ɗin nan, don Allah a daina cire shi ana jefarwa. In ya lalace a sa sabo. Injin da ba shi da shi yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, ya ƙara cin jikinsa.

Washegari da safe kafin ka tayar, duba robar ajiyar ruwa, ya kasance tsakanin layin sama da na ƙasa. In ya ɗan sauka a karon farko, ragowar iska ce ta fita, ka ƙara. Shimfiɗa busasshiyar takarda a ƙarƙashin tabarmar gefen mai zaman banza, ka riƙa dubawa har mako guda. Kilif na sukurni kuma, bayan 'yan kwanaki a sake ɗan matse shi, don sabuwar roba na kwantawa. In bayan mako ruwa na ci gaba da sauka, koma gareji a ɗaura famfon gwaji.

Nan za mu dakata a shirinmu na yau.

(Kiɗan rufe shiri)